Kansila a unguwar da masaƙu suka mutu: me muke zaɓensa ya yi?

Dan_Layin_Masaka:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a mai da ita zagi. Mu da ke zaune a ɓangaren masaƙu na Kaduna ta Kudu, wajajen Kakuri da Makera, mene ne takamaiman aikin kansila? Babbar kwatar da ta bi ta bayan layinmu ta cushe da leda da yashi, ga damina ta kankama, ruwa har cikin ɗakuna. Gindin katangar wata tsohuwar masaƙa ya zama juji, cikinta kuwa ciyawa ta fi mutum tsawo, in magariba ta yi mace ba ta bin wajen ita kaɗai. Mun haɗu dattawa da matasa muka sami kansilanmu, mazaɓar dai ba zan faɗa ba. Ya karɓe mu hannu bibbiyu har da lemo, sannan ya ce kwatar ta fi ƙarfinsa, shara ta jiha ce, masaƙa kuma tana da masu ita. To in duk waɗannan ba nasa ba ne, wanne ne nasa? Ni a ganina a soke kujerar kowa ya huta.

Sarkin_Gardama:
Aikinsa? Zuwa suna da ɗaurin aure da ɗaukar hoto da ciyaman. Sai tambaya ta gaba.

Barista_Ba_Ofis:
Wa alaikumus salam. @Dan_Layin_Masaka, rabin gaskiya honarabul ɗin naku ya faɗa muku. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma kwashe shara da gina magudanan ruwa da kula da su suna ciki ƙarara. Haka kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, banɗakunan jama'a, fitilun titi, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya na matakin farko.

Inda yake da gaskiya shi ne, waɗannan ayyukan ƙaramar hukuma ne dungurungum, shi kuwa kansilan da aka zaɓa ɗan majalisa ne. Shi da abokan aikinsa ke duba kasafin kuɗi su amince ko su ƙi, su yi dokokin cikin gida, su bi diddigin abin da ciyaman ya kashe. Ba shi ke ba da kwangila ba. Saboda haka in kun koma, ku tambaye shi: ka sa kwatarmu a kasafin bana? In ka sa, nawa aka ware? In ba ka sa ba, me ya hana? Wannan ba shi da inda zai zille.

Maganar filin masaƙa kuwa, nan kam bai yi ƙarya ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, kuma kamfanonin nan, ko sun daina aiki, suna da masu su a takarda.

Baba_Mai_Zare:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tayar da zancen nan. Jikata ce ke rubuta mini, ina faɗa tana dannawa. Na yi aiki a sashen kaɗi na ɗaya daga masaƙun nan tun ina saurayi har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo. A zamanin nan wallahi ban san sunan kansilanmu ba, ban kuma nemi sani ba. Jiniya ke tashinmu, jiniya ke sallamarmu. In masu aikin safe suka fito, masu shiga da rana na tahowa, sai kekuna sun toshe hanya. Mata na bakin get da tuwo da shinkafa da kunu, a ci bashi a rubuta a littafi, ƙarshen wata a biya. Mutum ya gina ɗakunan haya reras, duk a cike, ga Bayarabe ga Ibo ga Tibi ga Bajju ga mu, tsakar gida ɗaya. Kwata in ta toshe, masu gidajen layi ke haɗa kuɗi a kira lebura, don kowa na da abin bayarwa. Ciwo akwai asibitin ma'aikata. Rigima kuwa ƙungiyar ma'aikata ke shiga.

Abin da nake so ku gane, kwatar nan ba yau ta fara ɓaci ba. Da can ruwan rini ke bin ta, yau ja gobe shuɗi, har ya faɗa kogin Kaduna, ba wanda ya ce uffan saboda kowa na ci a ciki. Aljihun mutane ne ya canza. Duk abin da masaƙa da ƙungiya da mai gidan haya ke ɗauka a da, yanzu an tattara an ɗora wa yaro guda wai shi kansila. Ni kaina haƙƙina na sallama har yau ban gani ba, abokan aikina da yawa sun koma ga Allah suna jira. Kansila ne zai biya ni?

Maman_Ilham:
Allah ya ƙara lafiya Baba, ka tuna mini da Inna. Tana cikin masu abincin bakin get ɗin nan, da wannan tukunyar ta yi mana kayan ɗaki mu duka. Amma Baba ka yi haƙuri, in kansila ba zai biya ka ba, ai yana da baki. Ya taɓa tashi a zauren majalisa ya kawo maganar tsofaffin ma'aikata? Ya taɓa jagorantarku zuwa wani ofis? Wannan ba ya cin ko kwabo.

Malam_Dan_Poly:
Don amfanin matasan da ba su riski zamanin da Baba ke faɗa ba. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Bayanta Nortex da Arewa Textiles suka zo, ga United Nigerian Textiles, wato UNTL, a 1964, ta 'yan kasuwar Hong Kong. Audugar su Funtuwa da Gusau da Malumfashi nan take ƙarewa. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ma a Kaduna take, kuma Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya taso kafin ya riƙe ƙungiyar, ya zama shugaban NLC, daga baya gwamnan Edo.

Faɗuwar ba dare ɗaya ta zo ba. Wuta ta taɓarɓare, baƙin man da tukwanen tururi ke sha ya yi tsada, injuna sun tsufa, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga na fasa-ƙwauri daga Sin yana kwararowa ta Kwatano da Maraɗi. KTL ta rufe a 2002, saura suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL ta tsaya a 2007. An sake buɗe ta a 2010 da rancen Bankin Masana'antu, amma ba ta koma ko kusa da yadda take ba. Cikin duk abubuwan nan babu ko ɗaya da aka yanke shawararsa a sakatariyar Makera. Shi ya sa nake tausaya wa kansila a wani ɓangaren. Sai dai tausayina ya tsaya a bakin katangar masaƙa. Daga katanga zuwa ƙofar gidan @Dan_Layin_Masaka, wannan hurumin ƙaramar hukuma ne.

Tsohon_Kansila:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku, bari in sa baki tunda na zauna a kujerar, ko da yake ba a Kaduna ta Kudu ba, a wata ƙaramar hukumar ce a nan jihar.

Barista ya karanto abin da ke takarda, kuma haka yake. Ni bari in faɗa muku yadda wata ke tafiya. Tun kafin a buɗe ƙofa bayan asuba akwai mutane a zaure. Wannan matarsa na naƙuda an ce sai tiyata, wancan an koro ɗansa kuɗin jarrabawa, wani 'yan sanda sun kama ƙanensa a je a yi beli, wani kuɗin likkafani. Albashin kansila kafin wata ya raba ya ƙare a irin wannan. Wanda ka ba bai cika tunawa ba, wanda ka hana kuwa har jikokinsa sai sun ji labari. A duk zamana, waɗanda suka zo mini da maganar kasafin kuɗi ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Sannan kuɗin da kansa. Kason ƙananan hukumomi asusun haɗin gwiwa yake shiga tukuna. A cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire kason masarautu, a cire na ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Abin da ya rage shi ke isowa sakatariya, kuma shi kansa ciyaman sai ya nemi izini kafin ya taɓa abu mai kauri. Kansila kamar kwandastan mota yake, shi fasinja ke gani su zaga, sitiyari kuwa yana hannun wani.

Abin da na iya yi, na yi shi ne da takarda da ƙafa. Taransifomarmu da ta ƙone, wasiƙa na dinga rubutawa ina bi ofis ofis har aka gaji da ganina. Kwalbati guda biyu aikin gayya muka yi, wani attajiri ya ba da siminti, ƙaramar hukuma ta ba da tifar yashi, matasa suka ba da ƙarfi. Ban ce na yi abin a zo a gani ba. Amma mai cewa a soke kujerar, ya tambayi kansa: in an soke, ƙofar wa zai buga da asuba?

Maman_Ilham:
Honarabul, da girmanka, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk abin nan ka san shi kafin ka sayi fom. A lokacin kamfe ba wanda ya ce mana "ku zaɓe ni in dinga rubuta wasiƙa". Burtsatse da titi da aikin yi ake mana alkawari. Kuma ina da tambaya: zamaninku kun taɓa mayar wa ciyaman da kasafinsa kuka ce sai ya gyara?

Sarkin_Gardama:
Kwandastan ma ai yana karɓar kuɗin mota. Kada a yi mana kukan talauci.

Dan_Sharada_Kano:
Ku gafarce ni, baƙo ne daga Kano, amma ciwon iri ɗaya ne. Ku zo Sharaɗa da Bompai da Challawa ku ga manyan rumfunan kamfanoni da suka koma wurin ajiye kaya, wasu ma ba komai ciki sai tantabaru. Abin da ba ku taɓo ba shi ne yadda kansilan ke samun kujerar tun farko. Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, ba INEC ba. A Oktoban 2024 a Kaduna APC ta kwashe shugabanni 23 da kansiloli 255, ba ta bar ko ɗaya ba. Mako guda bayan nan a Kano NNPP ta kwashe shugabanni 44 da kansiloli 484. Jam'iyya daban, sakamako iri ɗaya. Wanda aka yi wa ɗauki-ɗora ya san wanda ya ɗora shi, kuma ba kai ne mai kwata ba.

Matashin_Barnawa:
Malam Dan_Sharada, a 2018 da aka yi zaɓe da na'ura a Kaduna ai 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. A 2021 ma haka. Ba kullum ake cinye duka ba.

Dan_Sharada_Kano:
Haka ne ɗan uwa, ban musa ba. To ina na'urar take a 2024?

Admin_Zaure:
Jama'a a yi hattara. Maganar aikin kansila ake, ba kamfen jam'iyya ba. Na goge saƙonni biyu da suka kira sunan mutum da zagi. Wanda ya maimaita zai fita.

Mama_Talatu_TV:
Sannunku da hira. Ni a wajen unguwar Television nake, mijina ma tsohon ma'aikacin masaƙa ne, yanzu gadi yake yi. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wani kansila da muka taɓa yi, duk ƙarshen wata yana kiran taro a filin firamare, ya zo da littafi, mata gefe maza gefe, kowa ya faɗi damuwarsa. Wata mai zuwa ya karanto abin da aka faɗa, ya ce wannan an yi, wannan na kai an ce babu kuɗi, wannan ban kai ba tukuna. Ba komai aka gyara ba, amma mun san inda magana ta kwana. Da ya sauka, taron ya mutu.

Abu na biyu, ɗana @Dan_Layin_Masaka, kwatar da kake magana ba a layinku ta fara ba. Daga sama take gangarowa, ta ratsa mazaɓa fiye da ɗaya kafin ta kai kogi. Tun rikicin 2000 mutane suka rarrabu, wannan unguwa ta waɗannan, waccan ta waɗancan, har ya zama matasan sama da na ƙasa ba sa zama wuri ɗaya. In kun yashe naku, sharar sama za ta sake sauko muku a ruwan farko. Sai kansilolin da kwatar ta bi ta wajensu sun zauna tare, su shiga majalisa da murya ɗaya. Kaduna ta Kudu mazaɓu 13 ne. Mutum ɗaya cikin 13 ana iya share shi, amma uku ko huɗu in suka dage sai an saurare su.

Dan_Layin_Masaka:
Mama na gode, wannan ban yi tunaninsa ba. Gaskiya daga sama take zuwa, har katifa mun taɓa cirowa.

Barista_Ba_Ofis:
Bari in ƙara abu biyu kan maganar Honarabul. Na farko, asusun haɗin gwiwar da ya ambata yana sashe na 162 na kundin tsarin mulki. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a dinga tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Kason nan kashi 20.6 ne cikin ɗari na asusun tarayya, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Hukunci daban, aiwatarwa daban, tun lokacin ake ta ja-in-ja. Amma ko gobe kuɗin ya fara faɗowa kai tsaye, in kansiloli 'yan amshi ne, an dai canza wanda zai yi rub da ciki a kai ne kawai. A nan ne kujerar da ake cewa a soke za ta fi zama dole.

Na biyu, dalilin da ya sa kansila zai ce shara ta jiha ce. A Kaduna jiha ta daɗe tana janye ayyukan cikin gari zuwa hannunta. Dokar haraji ta 2016 ta mai da tara kuɗin shiga hannun hukumar haraji ta jiha, KADIRS. A 2021 gwamnatin El-Rufai ta kafa hukumomin kula da birane uku, Kaduna da Zariya da Kafanchan, aka ba su ayyukan da a da na ƙaramar hukuma ne. Ga KEPA kan muhalli, ga KASUPDA kan gine-gine, ga KADGIS kan filaye. Talaka ya rasa ƙofar da zai bi, kowane ofis ya nuna masa na gaba. To sanin wace ƙofa ce ta wace matsala, da raka mutane har can, wannan aikin kansila ne ko ba a rubuta ba.

Bahaushen_Lankasha:
Gaisuwa daga Ingila. @Malam_Dan_Poly, kamfanin David Whitehead da ka ambata daga wani gari ne mai suna Rawtenstall, arewa da Manchesta, ba nisa da inda nake. Abin mamaki, su ma masaƙunsu sun mutu, tun kafin namu ma. Garuruwan yankin cike suke da dogayen gine-ginen jan bulo masu bututun hayaƙi. Wasu an mai da su gidajen kwana, wasu ofisoshi, wasu har yau kango ne. Akwai wata babba kusa da Bradford, Salts Mill, ta rufe a 1986, wani ɗan kasuwa ya saye ta a 1987 ya mai da ita wurin baje zane-zane da shaguna, yanzu garin da take, Saltaire, yana cikin wuraren tarihi na UNESCO.

Kansila a nan alawus yake karɓa, da yawansu suna da aikinsu na daban. Suna da ranar da suke zama a laburare ko ɗakin taro, duk mai kuka ya zo: ramin titi, kwandon shara, gidan haya mai yoyo. Ba wanda ke zuwa neman kuɗin suna. Kuma majalisar ce ke ba da izinin abin da za a gina a filin tsohuwar masana'anta, nan ƙarfinsu yake. Amma kada a ɗauka aljanna ce. Kowane gida na biyan harajin majalisa mai nauyi, ka ƙi biya kotu. Kuma a 2023 majalisar Bamingham, wadda ta fi kowace girma, ta fito ta ce kuɗinta ba zai iya ɗaukar hidimominta ba.

Sarkin_Gardama:
To ga shi nan. Ana maganar kwatar Kakuri an kai mu Landan.

Bahaushen_Lankasha:
Ba Landan ba ce Yallaɓai, tsakaninmu tafiya ce mai nisa. Abin da nake nufi kawai, ranar zama da jama'a ba ta buƙatar hukuncin Kotun Ƙoli. Mama Talatu ma ta ga an yi a filin firamare.

Dan_Katsinan_Maradi:
Ina gaida mutanen Kaduna. An ambaci garinmu a maganar fasa-ƙwauri, ba zan yi gardama ba, kowa ya san hanyar atamfa. Ga mai cewa a soke kujera: mu nan Nijar tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙo. Wani wurin aiki na tafiya, wani wurin a'a. Bambancin da na gani shi ne, da can kansilanmu ɗan unguwa ne, na san gidan ubansa, ina iya tare shi a masallaci. Yanzu sai ka rubuta takarda ka jira.

Injiniya_Panteka:
Ni walda nake yi, maganata kan filayen ce. Kullum ana cewa za a farfaɗo da masaƙu, tun ina yaro nake jin haka, kowace gwamnati da nata alkawari. Injin da ya shekara ashirin a tsaye ba tashi zai yi ba, wasu wuraren ma 'yan jari bola sun riga sun yi gaba da abin da za a iya ɗauka. Amma rumfunan na nan, ga faɗi ga tsawo. Mu kuma muna aiki a bakin titi, masu walda da kafintoci da teloli da masu gyaran keke, rana ta dake mu ruwa ya dake mu, hukuma ta kore mu. Me zai hana a ba da hayar rumfa ɗaya a yanka ta shago shago? KTL ta kamfanin NNDC ce, shi kuma na jihohin Arewa 19. Kansila ba zai ba da ita ba, na sani. Amma majalisa na iya zartar da ƙuduri, ciyaman ya sa hannu, a ɗauki shugabannin ƙungiyoyin sana'a a je a zauna da masu wurin. In mutane na ciki suna aiki, ciyawar da ake tsoro ma ba za ta fito ba.

Baba_Mai_Zare:
Ɗana Injiniya, shawararka ba laifi. Amma kafin a taɓa ko bulo ɗaya a kowace masaƙa, a fara biyan waɗanda ke bin bashi. Mun ga yadda ake yi. Ana cewa haya, gobe ka ji an yanka fili an sayar, an yi rukunin gidaje, mu ko oho.

Malamar_Firamare:
Ina so in dawo da mu kan abin da za a iya yi a wannan daminar. Akwai hanyoyi da mutane ba su amfani da su. A jihar nan akwai tsarin da ake kira CDC, inda al'umma ke zama su jera buƙatunsu bisa muhimmanci a miƙa kafin a haɗa kasafin shekara. Kowace makaranta tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wato SBMC. Kowace mazaɓa ya kamata a ce tana da kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido kan asibitinta, tunda an yi shirin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255. In ka je irin wannan zaman, sau da yawa mutum biyar za ka tarar, su ne dai na bara. Mu a makarantarmu katanga muka samu ta haka, bayan an sa ta a takarda shekara biyu a jere ana maimaitawa.

@Dan_Layin_Masaka, ku daina zuwa da baki. Ku rubuta, ku sa hotuna, masu gidaje su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Kwafi ɗaya ga kansila, ɗaya ga ciyaman, ɗaya ga KEPA, kowanne a buga muku tambarin an karɓa. Lemo ba ya shiga fayil.

Kawu_Na_Makera:
Malama ta ambaci mai unguwa, to ni a wurina ya fi kansila amfani sau goma. Kansila shekara uku ne ya tafi, mai unguwa yana nan har mutuwa, ya san kowane gida da wanda ke ciki. Sai dai su ma an karya su. A 2017 aka rage hakimai a jihar nan daga 390 zuwa 77, dagatai da yawa suka tafi. Yanzu mai unguwa zai hana zuba shara, yaro ya kalle shi ya zuba a gabansa.

Maman_Ilham:
Kawu, sharar nan fa mu ke zubawa, ba aljanu ba. Amma a faɗa mini inda zan kai tawa. Almajirin da na ba naira ɗari ya kwashe, ina zai kai in ba gindin katanga ba? A ajiye mana kwandon ƙarfe, a dinga zuwa ana ɗauka, sannan a kafa doka a ci tarar wanda ya saɓa. Dokar kuma Barista ya ce kansiloli ke yin ta.

Matashin_Barnawa:
Ni dai na ce ranar Asabar a fito aikin gayya kawai. Shebur da baro da buhuna, kafin azahar an gama. Jiran takarda sai ruwa ya cinye gidajen.

Sarkin_Gardama:
Ku yashe da hannunku, ranar Litinin a zo a kafa allo a rubuta aikin honarabul. Ni ba da ni ba. Duk lokacin da kuka yi musu aikinsu, kun koya musu cewa ba sai sun yi ba.

Mama_Talatu_TV:
Sarki, kai gidanka a tudu yake da alama. Mai jariri a ɗakin da ruwa ke shiga ba zai jira a koya wa kowa darasi ba. A yi gayyar, a kuma kai takardar, ɗaya ba ya hana ɗaya. Amma ku ce kansila ya kawo motar da za ta kwashe abin da kuka fitar, in ba haka ba ruwa ɗaya zai mai da shi ciki.

Dan_Layin_Masaka:
Na gode ƙwarai jama'a. Na kira shi ɗazu na yi masa tambayar Barista kan kasafi. Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba ya kira ni. Maganar mota kuma ya ce zai yi wa ciyaman magana, amma kuɗin man motar sai dai mu haɗa. Har yanzu ban gamsu cewa kujerar na biyan kuɗin da ake kashe mata ba, sai dai na ji maganar ɗan uwanmu na Maraɗi. Malama, don Allah turo mini samfurin takardar ta akwatin sirri. Mama, in kina da wanda zai haɗa mu da matasan sama, ina so.

Tsohon_Kansila:
Kada ku yarda ku haɗa kuɗin mai tun a karon farko, in kun fara kun fara ke nan. Ku ce shebur da ƙarfi naku, mota da mai nasu. Kuma ku je sakatariya ranar da majalisa ke zama, ku zauna a baya ko ba ku ce komai ba. Mu a zamaninmu ranar da muka ga baƙin fuska a zauren, zaman yakan bambanta.

Maman_Ilham:
Honarabul, ka amsa wa kowa ka tsallake ni. Na ce zamaninku kun taɓa mayar wa ciyaman da kasafinsa?

Tsohon_Kansila:
Hajiya, wannan sai dai in mun haɗu.